Arfa a Ɗakin Malam Hamidu

Ku samarin da kuke cika mini benci da yamma, kuna ganin aikin nan wasa ne. A sauko da fayil a waya, a zuba a kile, wato filashi, a soka a bayan akwatin dikoda, a danna maɓalli, a karɓi godiya a kama gaba. Ɗayanku har ya ce mini ƙanwarsa ma za ta iya. Za ta iya mana, ban musa ba. Amma ni Ɗanjuma da na yi furfura a kan rufin mutane, daga nan Garwa har Poli, na san danna maɓalli shi ne mafi ƙanƙantar abu a sana'ar parabol, wato kafa farantin kamo tashoshin talabijin.

Aikin farko da na taɓa sa wa hannu a unguwar Hausare ne, gidan wani mai sayar da atamfa. A lokacin faranti ba irin waɗannan ƙananan da kuke ɗauka a hammata ba ne. Ƙarfe ne mai raga, faɗinsa ya kai ɗaki, sai an haƙa rami an zuba siminti kafin ya tsaya. Maigidana Malam Sale, Allah ya jiƙansa, shi yake zama a falo gaban talabijin, ni kuma ina waje da sufana ina tura farantin kaɗan-kaɗan. Ta taga yake ba ni umarni, ya ce dama, ya ce ka wuce, ya ce koma, ya ce kai wane irin kurma ne. Ranar garin ya yi zafin da ƙarfen ba ya taɓuwa, sai da na naɗe hannu da hulata. Da hoto ya fito, mutanen gidan suka yi ta shi wa Malam Sale albarka, aka kawo masa lemo mai sanyi. Ni ba wanda ya tuna ina waje.

Na daɗe a hannunsa kafin ya bari in taɓa akwatin kansa. Ɗaukar tsani, jan waya, fasa bango, wannan shi ne rabona. Kayan aikinmu ba su da yawa: kamfas, sufana, filaya, ƙusoshi a gwangwanin madara, da wata 'yar talabijin mai fari da baƙi da muka samu daga baya, muke hawa da ita rufi don a huta da ihu ta taga. Malam Sale ba ya bayani. Idan ka tambaye shi dalilin abu, sai ya miƙo maka sufana ya ce ka je ka tambayi farantin. Abin da ya fi koya mini ba ƙarfe ba ne, shiga gidan mutane ne. Kafin ka hau rufi ka aika a gaya wa mata su shiga ɗaki, makwabta ma a gaya musu. Idan ka hau, idonka yana kan aikinka. Ƙofar cikin gida kuwa ba taka ba ce, ko da wayarka ta bi ta nan, sai ka miƙa wa ɗan gida ya ja.

Daga baya akwatuna masu ƙwaƙwalwa suka shigo, sana'ar ta canja fuska. Tasha takan tashi daga inda take ta koma wani wuri, ko a sake mata salon aikowa, tsohon akwati ya daina gane ta. Sai an goge abin da ke cikin kansa an zuba masa sabo. Mu a nan mizajur muke cewa, kamar yadda masu Faransanci suke faɗa. Ba kile a lokacin. Wata igiya ce mai baki da ƙananan allurai, a haɗa akwati da kwamfuta, a zauna ana kallon wani layi yana cika a hankali. Tsakanin farkon layin nan da ƙarshensa akwati ba shi da tsohon hankali, sabon kuma bai gama shiga ba. Kamar ɗakin da aka yaye wa jinka ne ba a ɗora sabuwa ba. Idan wuta ta ɗauke a wannan tsakanin, ya mutu, sai jan fitila kawai ya rage yana kallonka.

Shi kansa fayil ɗin samunsa wani aiki ne. Layin waya na lokacin ba ya iya ɗaukar abu mai nauyi, sai mu tafi siber, wato shagon intanet na wani ɗan kudu a unguwar Yelwa, wanda intanet ɗinsa ta faranti take saukowa daga sama. Idan gari ya yi garau tana tafiya kamar tsohuwar jaka, amma tana tafiya. Hadari na haɗuwa sai ta tsaya cak. Ka zauna tun hantsi, abu ya kusa ƙarewa, iska ta kaɗa, gajimare ya rufe, komai ya koma farko. Mafi muni shi ne fayil ya yanke a hanya ya zauna kamar cikakke. Wanda bai duba nauyinsa ba ya zuba wa akwatin mutane, ya kashe shi da hannunsa. Na ga masu sana'a da yawa da suka bar gari saboda wannan.

Masu kiranmu kuwa iri-iri ne. Akwai wani dillalin shanu a Banyo da ya ɗauki nauyin tafiyata a kan wannan hanya mai karya ƙugu. A gaban baƙinsa ya ɗaga murya ya ce tashoshin wa'azi kawai yake so a gidansa, kada in saka masa shirme. Da ya rako ni bakin babur sai ya rage murya, ya tambaye ni ko wannan tashar da ƙarti suke kokawa suna jifan juna da kujera tana kamawa a Banyo. Na ce tana kamawa. Ya ce in ajiye masa ita can ƙarshen jeri, inda yara ba sa kaiwa.

Sai shekarar da ba na son tunawa ta zo. Rikici ya yi tsanani a arewa, wajen Marwa da Kusuri, aka tsaurara kan iyaka, kaya suka daina shigowa daga Najeriya. Sabon akwati ya zama abin nema. Duk hanyar da ka bi akwai shinge, kuma mutum mai babur da jaka cike da wayoyi ba abin da ake so a gani ba ne. Malam Sale ya rasu a farkon shekarar, shago ya dawo hannuna. Ana cikin haka, dab da aikin Hajji, tashar da ke nuna Makka kai tsaye ta ɓace daga akwatunan da muka cika ƙasar nan da su. Iri ɗaya ne duka, masu araha, mu muka sayar wa mutane. Daga Garwa har Ngong ba wanda yake gani.

A cikin masu kirana akwai Nasiru, ɗan Malam Hamidu na Ngong. Malam Hamidu tsohon mai sayar da goro da gishiri ne a bakin hanyar Ngaundare, kakanninsa daga Kano suka zo. Duk rayuwarsa buri ɗaya yake da shi, ya sauke farali. A wannan shekarar ya samu kujera, ya sayi haraminsa, ya yi sallama da dangi har Poli. Bayan ƙaramar salla sai ya faɗi a bakin shago, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Malamai suka ce tun da ba a sa ran tashinsa, ƙaninsa Alhaji Yaya, wanda ya riga ya yi nasa, zai iya yi masa. Haka aka yi, Alhaji Yaya ya tafi.

Da na je duba akwatin, na sami Malam Hamidu kwance a turakarsa da ke kusa da zaure, an ajiye talabijin daidai ƙafar gado. Maganarsa a hankali take fita, sai ka sunkuya. Ya riƙe mini hannu da hannunsa mai lafiya.

Ya ce, "Ɗanjuma, an ce mini Yaya zai riƙa kiran sunana a can. Ranar Arfa nake so. Ina so in ga wurin da ake kiran."

Na ce, "In sha Allahu za ka gani, Baba."

Na dawo Garwa na tare a siber. Ƙarshen damina ne, lokacin da hadari yake tasowa ba sallama. Kullum in zauna, kullum ya yanke. Mai siber har ya fara jin tausayina, ya riƙa hana sauran mutane buɗe abu mai nauyi idan ina ciki. Nasiru yana kira, ina cewa gobe. Alhazai suka fita Mina ina nan ina kallon layi yana cika yana komawa. Sai da safiyar ranar Arfa gari ya washe, fayil ya sauko cikakke. Na duba nauyinsa, na sake dubawa, na ɗaure kwamfuta a baya na hau babur.

Ku sani, rana tana riga mu faɗuwa a can Makka. Lokacin da muke idar da la'asar a nan, su tana shirin ɓacewa, kuma da ta faɗi alhazai suke barin filin. Don haka abin da nake da shi daga isata Ngong zuwa la'asar ne. Na isa rana ta take tsaka. Ba wutar gari, an ɗauke tun safe, amma gidan suna da janareto a cikin gida, can wajen madafa, inda ɓarawo ba ya kaiwa. Nasiru ya shiga ya tayar. Kowa a gidan yana azumin Arfa. An yi wa Malam Hamidu wanka, an sa masa farar riga, an jingina shi da matasai yana fuskantar talabijin. Wasu tsofaffi abokansa sun zo sun zauna a tabarma, su ma suna jira.

Na haɗa igiya. Kafin in danna na kalli Nasiru na ce masa, daga yanzu har in ce na gama, kada wuta ta ɗauke ko na ƙiftawar ido. Ya ce ba komai. Sai ya yi tunani ya ce man da ke cikin injin bai yi masa yawa ba, bari ya je bakin hanya ya ƙaro, kada ya ƙare a tsakiyar aiki. Na ce ya kyauta. Ya ɗauki jarka ya fita, ni kuma na danna, layi ya fara cika.

Abin da ban sani ba, gidan Malam Hamidu bango ɗaya ne da masallacin unguwa. Tun ranar da ya sayi janareto ya kafa doka, ana fara kiran salla a kashe injin, kada ƙararsa ta dami masu ibada. Kuma uwargidansa Dada Asta ita ce mai kashewa. Shekara da shekaru tana yi, ko tana tsakiyar tuƙa tuwo ne sai ta ajiye muciya ta je. Abin ya zama jiki a gidan har ba wanda yake ganinsa a matsayin abin faɗa. Nasiru da kansa ya gaya mini daga baya cewa ko kaɗan bai zo masa a rai ba.

Layi ya wuce rabi sai ladan ya fara kiran azahar ta bayan bango. Ni ban kawo komai ba. Malam Hamidu ne na ga ya zabura, yana ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna cikin gida, bakinsa yana rawa. Na sunkuya. Da ƙyar na tsinci kalma biyu, injin, da Asta. Nan take na gane. Na tashi da gudu na nufi ƙofar da ke shiga cikin gida, na isa bakin labule, ƙafata ta tsaya. Ban taɓa ƙetare irin wannan ƙofa ba a rayuwata, kuma ba na jin akwai wanda ya tashi irin tashinmu da zai ƙetare kai tsaye. Na ɗaga murya na yi sallama. Na sake yi da ƙarfi. Ina cikin ta biyun injin ya yi tari ya mutu, muryar ladan ta fito tar.

Da Nasiru ya dawo da jarka aka sake tayarwa, akwatin jan fitila kawai ya nuna. Na gwada duk abin da na sani, bai amsa ba. Irin wannan mutuwar sai an buɗe shi an ciro ƙwaƙwalwar a shago, aikin yini ne. Nasiru ya zaga makwabta neman aro, amma wanda ke da irinsa ya ba da haya ga masu kallon ƙwallo a ƙauye, wani ya kulle ɗaki ya tafi salla garinsu, na wani kuma ba irin fayil ɗina yake ci ba. Sai na tuna akwai akwatin wani tela a shagona, na gyara masa wajen wuta bai zo karɓa ba. Na gaya wa Malam Hamidu zan je Garwa in dawo. Ya gyaɗa kai.

Ban taɓa gudu a kan babur irin na ranar ba. A shingen da ke kusa da gadar Binuwai masu kaki suka tsayar da ni, suka ga kwamfuta da wayoyi, suka ce in zazzage komai a ƙasa in yi bayanin kowanne. Ban ga laifinsu ba, a shekarar nan waya a jaka ta kashe mutane da yawa a arewa. Na yi bayani da Faransanci, na yi da Fulatanci, ina kallon inuwa tana tsawo. A shago kuwa abin takaici, akwai wuta, fayil ya shiga akwatin tela lafiya lau, ko gardama bai yi ba. Ba ni da farantin da ke kallon gabas a shagon, da ko ni na gani na ba shi labari. Na naɗe akwatin a leda na juyo. A shinge aka sake zazzage ni. Bayan na wuce gada ruwa ya sauko, irin mai dukan fuska, dole na rage gudu.

Na shiga Ngong an daɗe da idar da la'asar. Ruwan ya tsaya, rana ma ta leƙo, tana nan da sauranta a kan rufin gidaje. Wannan ya sa na ɗan sa rai, alhali na san lissafin. Tsofaffin suna nan ba su tafi ba. Na haɗa waya, na nemo tashar, hoto ya fito tsaf.

Can duhu ya riga ya shiga. Fitilu ne manya suka haska fili, ga dutsen Arfa, ga farin ginshiƙin da ke kansa, amma ba kowa sai ɗaiɗaikun mutane. Ƙasa duk laimomi ne da aka yar da robobin ruwa, wasu ma'aikata suna tattarawa. Can nesa jerin motoci ne, jajayen fitilunsu suna tafiya a hankali. Malam Hamidu ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Nan ne?"

Na ce, "Nan ne, Baba. Ga dutsen can."

Ya ce, "Sun tafi."

Ya ɗaga hannunsa ɗaya ya buɗe tafin, ya yi ta addu'a yana fuskantar filin da ba kowa, hawaye yana bin ɓarin fuskar da ba ya motsi. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce masa Allah ya riga ya karɓa tun da Yaya ya tsaya, gani ba sharaɗi ba ne. Ya gyaɗa kai, ya ce ya sani. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa inda zan sa idona, sai na sunkuya ina naɗe igiyar da na riga na naɗe. Wannan shi ne ganinsa na farko da na ƙarshe, domin bai kai dawowar alhazai ba.

Da aka kira magariba injin ya ci gaba da ƙara har ladan ya kai rabi, sai da Nasiru ya tashi ya shiga ya kashe da kansa. Aka kawo kunu da ƙosai muka sha ruwa, muka yi salla. Ina ɗaure jaka a zaure zan tafi sai na ji motsi a bayan labule, wata murya ta tsohuwa ta yi mini sannu da aiki. Na durƙusa na gaishe ta, ban ga ko ƙafarta ba.

Ta ce, "Ɗana, tambayarka zan yi, ka gaya mini gaskiya. Da na bar injin nan, da ya gani?"

Na ce, "Dada, akwatin dama ya tsufa. Ko ba a kashe ba, ba lalle ya ɗauka ba."

Sannan ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma na ji sallamarka, tun ta farko. Na ce bari in kashe tukuna, in ɗauko mayafi, sannan in amsa maka."

Ina nan durƙushe na ji takunta yana komawa ciki.